Gayyar Ranar Asabar

Jemima na tsinkar yakuwa a bakin gonar mahaifinta lokacin da Dogara ya tsayar da babur. Ko kafin ya sauka, ta ga damuwa a fuskarsa.

"An zaɓe ni shugaban ƙungiyar masu bishara," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ranar Asabar dattawan coci za su ɗora mini hannu a Kano."

Kwaryar yakuwar ta kusa suɓuce mata. "Asabar? Ranar gayyar Baba? Ka san al'adar gidanmu, Dogara. Wanda bai sunkuya a gonar suruki ba, ba a ba shi mata. Jiya ma ɗan Bawa, wanda shi ma ke nemana, ya aiko cewa shi da samarinsa a shirye suke."

"Jemima, Ubangiji ne ya kira ni. Ta yaya zan ce masa ya jira?"

"Ni kuma in jira wa?"

Ta daɗe tana kallon tafin hannunsa, inda kantar riƙon babur ta maye gurbin ta garma.

"Masu bisharar nan naka su nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Duk 'ya'yan manoma ne, ko? To su zo da garemaninsu. Dattawan su ɗora maka hannu a nan, cikin dawa."

"In suka ƙi fa?"

Tarin Baba ya taso daga bayan kunya. Ta gyara ɗankwalinta.

"Sai ka gane ko sun san mutanen da suke aikenka wurinsu."