Gwanin Ƙotar Ƙashi

Hannunsa da na abokin hamayyarsa suka sauka a kan wata wuƙa lokaci guda, a teburin wata tsohuwa mai gwanjo a kasuwar Asabar ta jihar Tennessee.

Shekara talatin ke nan yana tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu masu ƙotar ƙashi. Kowane kamfani da irin zanen da yake sassaƙawa a ƙashin, kuma duk ya haddace su. Amma wannan, mai ƙananan ramuka bibbiyu a jere, ko a kundi bai taɓa ganinta ba.

"Sakar min, tsohon banza!" in ji abokin hamayyar.

Shi kuma ya ce, "Ni na riga ka, sarkin haɗama!"

Nan take ya zaro jar wuƙarsa ta gado, wadda mutumin ya shekara goma yana roƙo, ya danƙa masa. "Ungo, ɓace min da gani!"

Ya biya tsohuwar, bakinsa har kunne. "Iya, don Allah wane gwani ne ya yi wannan aiki?"

"Gwani?" Sai ta yi fito.

Wani tsohon kare ya fito daga ƙarƙashin teburin, ya shinshini ƙotar, ya lashe baki, ya yi doguwar hamma. Ga haƙoransa nan bibbiyu a jere, daidai da ramukan ƙotar.