Kwalbar Rijiyar Haliru

Mijinyawa ya tsuguna a bakin kududdufin da shanun Dandin Mahe suke sha, ya nitsa baƙar kwalbar cikin ruwan har ta daina ɓulɓuli. Ruwan kore ne, wari kuwa sai ka toshe hanci. A jikin kwalbar an rubuta sunan rijiyar Haliru.

Masu bincike ne suka zo Dandin Mahe neman 'yan sa-kai da za su riƙa ɗebo ruwan rijiyoyin da jama'a ke sha, a auna a gani ko akwai cuta. Ba albashi, sai riga da akwatin sanyi da kwalabe baƙaƙe waɗanda rana ba ta ratsawa. Mijinyawa, wanda ko gayyar noman albasa sai an yi ta aike yake zuwa, shi ne ya fara ɗaga hannu. Mutane suka ce Allah ya shirye shi.

Ba shiriya ba ce, haushi ne. A da, duk unguwar daga rijiyar cikin gidansa take sha, wadda mahaifinsa ya haƙa. Sai maƙwabcinsa Haliru ya haƙa tasa a ƙofar gida, sadaka. Wannan bai dami Mijinyawa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da Haliru ya ce masa, a gaban masallaci kuma a gaban surukinsa, sabon masan da Mijinyawa ya gina, wato bayan gida, ya yi kusa da rijiyar gidansa. Magidanci guda, a ambaci masansa a bainar jama'a! Kafin sati ya zagayo guga ta daina ƙara a gidansa.

Tun ranar ya rantse iyalinsa ba za su sha ɗigon ruwan Haliru ba. Tun ranar kuma ƙaramar 'yarsa Bilkisu ba ta rabu da ciwon ciki ba, yau ta tashi gobe ta kwanta. Shi dai ya san hannun wanda ke ciki, ko da ba shi da shaida.

Ya kai akwatin gida, ya ajiye a zaure, ya tafi la'asar. Washegari ya tarar an goge akwatin tas, kwalaben a jere suna ƙyalli. Matarsa Safinatu ke nan. Mace ce da ko kwanon da aka wanke ta gani sai ta sake ɗaurayewa, musamman in ta ji baƙi za su gani. Ya ɗaura akwatin a babur ya kai Shagari, ya miƙa wa Malama Hauwa'u, jami'ar da ke karɓar kwalabe, har da addu'ar Allah ya ba da lada.

Da sakamako ya fito, Malama Hauwa'u da kanta ta zo garin, fuskarta ba walwala. Duk rijiyoyin da dama-dama, in ji ta, ban da ta Haliru. An sami ƙwayoyin cuta irin na bayan gidan ɗan Adam, masu yawan da za su iya kashe ƙaramin yaro. Mijinyawa ya so ya yi dariya. Shi dai kashin shanu ya sani, amma in na'urar ta ce na mutum ne, ya ma fi.

Malama Hauwa'u ta ce a dakata da sha, za a sake aunawa. Haliru bai jira ba.

"Ba ni ɗaukar ran ɗiyan mutane bisa wuyana," ya ce, idonsa ya yi ja.

A yinin nan shi da 'ya'yansa suka cike rijiyar da ƙasa da duwatsu, suka shafe bakinta da siminti. Mijinyawa ya tsaya yana kallo, har ya taya da shebur biyu don kada a ce bai yi zumunci ba. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar aurensa.

Unguwa ta dawo gidansa. Da sassafe jarkoki sun yi layi daga zaure har bakin titi, mata na gaishe shi da ladabi. Jikokin Haliru ma suka zo da bokiti, ya ce a ba su wuri su fara ɗiba. Ya so a ce kakan nasu ne ya zo da kansa.

Ranar da aka kira ɗiba ta biyu, ya fito da akwatin yana 'yar waƙa. Safinatu na zaune a tabarma, Bilkisu kwance a cinyarta ta rame, tana ba ta ruwa a moɗa kaɗan-kaɗan. A bayansu guga na ta sauka tana hawa.

"Malam," ta ce, "karon ga ka duba abin da kaka ɗebowa. Rannan ba don ni ba da ka sha kunya gaban baƙi."

Ya tsaya, akwatin a hannunsa. "Wace kunya?"

"Kwalba guda nib buɗe, wari kamar mushe. Nic ce wanga ruwa ba ya hita daga gidana zuwa hannun mutane. Niz zubar, niw wanke ta da sabulu, nic cika maka ita da ruwan rijiyarmu."