Gurnani a Ɗakin Tuluna

Ƙudaje sun sake cika bakin ƙofar ɗakin da ake ajiye tulunan man zaitun. Filista ta toshe hanci da gefen mayafi, ta wuce da sauri.

Tun da aka kawo ta gidan Hermon take shaƙar wannan wari. Shi malamin kalmomi ne a birnin Atina na ƙasar Girka, kuma bakinsa ne ya saye zuciyarta tun ranar da ya gaya mata sunanta na nufin wadda aka fi so. Yanzu kuwa kalma ɗaya ce ta cika masa baki, wato arazo, gurnanin kare. Yana koyar da cewa ba wanda ya ƙirƙire ta, mutanen farko daga maƙogwaron kare suka ɗauko ta.

Hujjarsa na kulle a ɗakin nan. Da hantsi yakan tara ɗalibai a tsakar gida, ya doki ƙyauren da sanda. Sai gurnani ya taso daga ciki, mai kauri, mai jiƙe da yawu.

"Kun ji ko? Arra. Ga uwar kalmar nan."

"Malam," in ji wani ɗalibi yana fifita da hannu, "kalmar ce ke wari haka ko karen?"

Suka fashe da dariya, har da Hermon.

Filista ba ta taɓa ganin dabbar ba. Shi kaɗai ke shiga, da kwanon kunun sha'ir da aka tsinka da ruwan inabi. Ƙasusuwan da take turawa ta ƙarƙashin ƙofa, da safe takan same su yadda ta sa su. In tana waƙa a bakin masaƙa, ɗakin yakan yi tsit.

"Maigida, ka bari in wanke masa wurin mana."

"Zai cije ki, 'yar zumata. Ki bar shi."

Ranar da aka kira shi gaban majalisa domin tantance shi kafin a ba shi muƙami, ta ji yana maimaita amsoshinsa yana gyara riga. Doka ta ce sai an tambayi kowa yadda yake riƙon iyayensa.

"Uwata ta rasu. Ubana yana hutawa a gonarsa can tsibiri, ba abin da ya rasa."

Ya fita, ya manta mabuɗin a jikin tsohuwar ɗamararsa.

Ta ɗebo ruwa da toka. Ta yanke cewa in ta ga ƙashin haƙarƙarin dabbar nan a waje saboda yunwa, yau za ta koma gidan ubanta. Ta tura ƙyauren, warin ya buge ta har idonta ya kawo ruwa.

A bayan tuluna, kan ruɓaɓɓiyar ciyawa, wani tsoho mai shanyayyen ɓarin jiki ya kare kansa da hannu ɗaya yana jiran sanda, ya ɗago mata fuska irin ta mijinta sak.