Tsatsar Jirgin Janar

“Kai, wannan tsatsar kamar gaske! Da wane fenti ka yi ta?” in ji shugaban ƙungiyar su mijina ta masu haɗa jiragen wasa, hancinsa kamar zai taɓa jirgin.

Mijina ya gyara tsayuwa. Janar suke ce masa, shi da ko bindigar wasa bai taɓa harbawa ba. Ba abin da ya sa a gaba sai haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba, ya bi su da siririn burushi yana zana musu tsatsa, wai su yi kama da waɗanda suka sha teku. Tsatsar gaske kuwa ta gama cinye kwanon rufin falonmu. Kullum na yi magana sai ya ce gobe.

“Sirrin sana'a ne,” ya ce.

Na dire tiren ruwa. Yau sai na kunyata shi.

“Wane sirri, Baban yara? Bokitai ne suka ƙare mini, na tara jirginka a ƙarƙashin yoyo. Ruwan rufin da ka ƙi gyarawa ne ya yi masa wannan adon.”

Na ce a raina, gobe kafinta zai zo da gudu.

Shugaban ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon silin.

“Janar, kada ka kuskura ka taɓa rufin nan.”

Yanzu da hadari ya haɗu, sai ga su a ƙofarmu, kowa rungume da jirginsa. Ni kuwa an ce in kwashe bokitaina, wai suna tare wa runduna hanya.