Katifar Aro

"Ɗaga ta," in ji shugaban asibitin ƙauyen ƙasa-ƙasa, yana nuna wa nas wata tsohuwa da ke kwance kan katifa. "Katifun nan su isa Rogo kafin la'asar, gobe can baƙin za su."

Kwana uku ke nan nas ɗin ita kaɗai take fama da ɗakin mata, ba safar hannu, ba ruwa a famfo. Yau da safe sai ga katifu sababbi fil a akori-kura daga Karaye, saboda masu duba asibitoci za su zo.

Suka zo, suka tambayi tsohuwar da ke kwance ko ta gamsu. Ta shafa katifar, ta ce tunda take ba ta taɓa hawa irinta ba, ta yi ta sa wa shugaba albarka. Suka rubuta, suka tafi.

Da ba da umarnin, shugaba ya shige ofis ya ja ƙofa. Nas ta ciji leɓe, ta tallabo tsohuwar, ta sauke ta kan tabarma.

Tsohuwa ta bi katifar da kallo, sannan ta dubi nas.

"'Yar nan, ba ki da imani. Bari mai asibitin ya fito, sai na kai ƙararki."