Sihirin Aro

Dodo ya feso wuta, bokan Lauya ya faɗi matacce. Wata shida Lauya yana rainon bokan nan a wasan tatsuniyar da suke yi da ƙanwarsa Auta duk Asabar a teburin falonsa, inda kowannensu ke da nasa jarumin a cikin labarin.

Abokinsa Makanike, mai jan labarin, ya sake jefa ɗan lido a bayan kwalin da yake kare hannunsa. Ya ce, "Bokanyar Auta kuwa ko ƙwarzane. Aljaninta ya tare mata."

Lauya ya harari ƙanwar tasa. "Karo na tara ke nan. Bokana ya ƙare ƙuruciyarsa a kan littattafai. Ke kuwa sihirin aro, kin ƙulla alkawari da aljani kin miƙe ƙafa. Shi ba shi da aiki sai gadinki?"

"Sannu da karatu, Yaya. Allah ya jiƙan malam."

"Me ma kika ba shi? A dokar wasa aljani ba ya kyauta."

Makanike, wanda shi ke yin muryar aljanin, ya duƙufa gyaran kwali.

Auta ta ce, "Cewa na yi na amince. Gobe aljanin zai zo gaishe da Baba."