Dainoson da Baffa Ya Yi wa Ɗori

Ina aji biyar malaminmu ya nuna mana hoton ƙwarangwal ɗin dainoso, wata ƙatuwar dabba da ta ƙare tun zamanin da. Ya ce kowa ya haɗo nasa ranar Litinin. Sauran yara suka kama karan dawa. Ni kuwa na tara ƙasusuwan zabi, na wanke, na shanya, na ɗaure da waya.

Ranar Lahadi da la'asar, a zaurenmu na Ƙofar Dumi, abin ya ƙi tsayawa. Da na sake shi sai ya kifa da baki.

Baffa, wan mahaifina, maɗori ne. Ya sallami wani mai karaya ke nan, hannunsa na ƙamshin man shanu, ya ce, "Kai, miƙo majinyacin nan."

Ya jujjuya shi, ya dubi hoton da na kwafo.

"Wa ya guntule masa wutsiya?"

"Ƙashi ne ya ƙare, Baffa."

"Shi ya sa. Kai ya rinjayi jiki, kamar mai shi."

Ya tsaga karan ɗorinsa ya ƙara wutsiyar, ya matso da ƙafafun ƙarƙashin ƙugu.

"Kowace dabba a ƙugu take tsayawa, ko ka san ta ko ba ka san ta ba. Saki."

Yau shekarata talatin ina sayar da motoci, amma ban ƙara riƙe numfashi kamar ranar ba. Na saki. Ya yi rangaji, ya tsaya.

Baffa ya goge hannu, ya ce, "Kwana bakwai, kada ka bar shi ya yi gudu."